A Mayar da Duhun

A danginmu duk wanda ya sayi kayan aiki ya sayi aikin ke nan, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya yi mota ya zama direban kai amarya har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya sayo na'urar awon hawan jini, gidansa ya koma asibitin sha-ka-tafi. Ni kuma tsautsayi ya sa na sayi kyamara ta hannu, irin manyan nan masu dogon hanci, a wurin wani yaro da ya ce ya gaji da hoto zai koma kiwon kifi. Ban gama sanin maɓallanta ba labari ya kai kunnen Gwaggo, wadda a lokacin ita ke riƙe da jakar bikin 'yar ƙaninta.

"Mai hoton da aka kawo ya yanka mana kuɗin da sadakin ma bai kai ba," in ji ta. "Ga ɗanmu a gida da na'urarsa, a kan me za mu kai wa bare?"

Na ce, "Gwaggo, ai koyo nake yi."

"Dannawar ce sai an koya? Jikata da ba ta shiga makaranta ba tana ɗauka ta da waya, kuma ina fitowa."

Ba a ja da Gwaggo. Aka sallami mai hoto.

Ana gobe ɗaurin aure na rataya kyamarar na nufi teburin mai shayi, ba don komai ba sai don a gan ta. A can na tarar da wani abokina da ke yi wa ƙungiyoyin agaji hoto, mutumin da ya ɗauki rijiyoyin burtsatse fiye da yadda ya ɗauki 'yan Adam. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya shiga cikin saitinta yana kurɓar shayi. Can sai ya ajiye kofin a hankali.

"JPEG?" ya ce. "Bikin ƙanwarka guda za ka ɗauka da JPEG?"

Mai shayi ma sai da ya waiwayo ya ga wa ya mutu.

Abokin nan nawa bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba a daren nan. Ya ce in ɗauka na sayo shadda yadi goma. RAW shi ne yadin a naɗe, almakashi bai taɓa shi ba. JPEG kuwa, akwai wani tela da ke zaune a cikin kyamarar, mai saurin tsiya, ba ya gwada ka, ba ya tambayar ka. Kana dannawa zai yanka, ya ɗinka, ya miƙo maka riga, ya share ƙyallayen ya zubar. In rigar ta zauna, madalla. In hannu ya ɗage, to babu yadin da za a ƙara.

Daga nan ya shiga lissafi. Tun 1992 wani kwamitin masana hoto na duniya ya tsayar da ƙa'idar JPEG, a zamanin da wurin ajiya a kwamfuta ke da ɗan karen tsada, layin sadarwa kuma yana jan ciki. Dabarar ita ce a yayyanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, a duba abin da idon mutum ba zai yi kewarsa ba, musamman ƙananan bambance-bambancen launi, a watsar. Abin da ya rage, kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, yana da mataki 256 daga baƙi ƙirin zuwa haske fayau. RAW kuwa, a kyamara irin tawa mai bit 14, mataki 16,384 yake riƙewa.

"Sau 64!" ya ce, ya bugi tebur har gwangwanin madara ya yi tsalle. "Gobe ƙarfe sha ɗaya ranar Kano za ta sauka a kan farar shadda. Fuskokin mutanenmu kuma ga su a inuwar hula. Telan nan dole ya zaɓa, ko fuska ko riga. Da daddare kuma a zauren dina za su kunna fitilu masu ruwan hoda da kore, amarya ta fito da launin da uwarta ba ta haife ta da shi ba. In RAW ne, duk ka gyara daga baya."

Wannan "daga baya" ita ce ya faɗa da sauri, sai kuma wayarsa ta yi ƙara ya tashi ya koma gefe.

Na shiga saitin da kaina. Zaɓi uku na tarar: JPEG, da RAW, da wani na uku da ya ce zai ajiye mini duka biyun a kowace dannawa. Na dubi na ukun nan na ga alamar raba ƙafa ce, aikin wanda bai yarda da kansa ba. Ni ba a san ni da raba ƙafa ba. Na danna RAW zalla.

Nan take 'yar lambar da ke kusurwar allo, mai nuna hotunan da suka rage, ta faɗo daga wajen 1,000 zuwa ƙasa da 300. Memorin da ya zo da kyamarar mai gigabayit 8 ne, kyamarar kuma ɗigo miliyan 24 take ɗauka. JPEG ɗinta ɗaya bai fi megabayit 8 ba, RAW kuwa yana doshin 30. Na ga lambar sarai. Na ce a raina ai abu mai daraja dama ba ya yawa.

Washegari na isa ƙofar masallaci da wuri, na sa kyamara a tsarin nan na ɗauka a jere, wanda in ka riƙe maɓalli take ta-ta-ta-ta, domin na ga haka 'yan jarida ke yi a talabijin. Duk Alhajin da ya fito daga mota sai na yi masa ruwan hotuna: yana buɗe ƙofa, yana saukar da ƙafa, yana gyara babbar riga, yana neman takalminsa ɗaya. Mutane suka riƙa ba ni hanya. Wani ma ya tambaye ni daga wace kafa nake.

Ashe kyamara tana da wani ɗan ma'aji na wucin gadi, inda hotuna ke tsayawa kafin su sauka cikin memori. Da JPEG layin yana tafiya. Da RAW, ga memorina tsoho mai nawa, layin ya cushe. Daidai lokacin da wakilin ango ya zaro sadaki ya miƙa wa Baffa, abin da aka tara jama'a dominsa ke nan, na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Wata 'yar jar fitila ce kawai take ƙyafta mini ido a bayan kyamarar. Liman ya yi huɗuba, aka yi siga, aka shafa Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa duniya an ɗaura, ita kuwa tana can tana rubuta hotunan wani Alhaji da ke neman takalmi. Ba ta dawo hayyacinta ba sai da aka fara wawason alawa. Saboda haka ba ni da hoton sadaki, amma ina da hoton wani yaro a sararin sama, ƙafafunsa biyu ba sa ƙasa, da ledar alawa a haƙoransa, cikin matakan haske 16,384.

Bayan an watse dattawa suka kewaye ni, kowa yana son ganin kansa. A ɗan allon bayan kyamara hotunan nan sun yi kyau ba kaɗan ba, launi ya zauna, fuska ta fito. "Tura mini yanzu," in ji Kawu. Na ce, "An jima, Kawu." Abin da muke kallo a allon, telan nan da na kora ne bai tafi ba. Kowane fayil na RAW kyamara tana cusa masa ɗan JPEG a ciki don ta sami abin nunawa, shi muke ta yabo.

A nan ne na lura ina da abokin hamayya. Wani dattijo ne da ba wanda ya gayyata, da jaka a rataye, da 'yar kyamara da fentinta ya koɗe, fitilarta an ɗaure da salatif. Shi sau ɗaya yake danna wa mutum. "Alhaji, ɗan gyara hula. Yauwa." Ƙyat, ya wuce. Can sai ya zare memori ya miƙa wa yaronsa, yaron ya hau babur ya ɓace. Kafin a kwashe farantan shinkafar walima, sai ga hotuna an baje a kan bonet ɗin wata mota, an danne da duwatsu, mutane suna zaɓa suna biya. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya dubi dogon hancin kyamarata ya ce, "Ɗan samari, da me kake ɗauka?"

Na gyara tsayuwa na ce, "RAW."

Ya ce, "Allah ya kawo sauƙi," ya wuce.

Da daddare a zauren dina komai ya zo yadda abokina ya faɗa: fitilu ruwan hoda, fitilu kore, wata ma tana juyawa. Na ci gaba da ruwan hotuna a kan 'yan anko. Mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe ga ango da amarya nan shigowa, mai kiɗa ya ƙure sauti, na ɗaga kyamara, allo ya ce memori ya cika.

Na faɗa bayan wata lasifika na durƙusa na fara gogewa. Wanda bai taɓa goge hoton dangi a cikin gaggawa ba bai san siyasa ba. Na fara da baƙin fuskoki, suka ƙare. Yaron alawa ban taɓa shi ba, wannan fasaha ce. Dole na shigo cikin gida, na riƙa bin mutane gwargwadon yadda suka riƙe ni ina yaro: wanda bai taɓa ba ni barka da salla ba ya tafi gaba ɗaya, wanda ya taɓa ba ni na bar masa ɗaya. Ina kan haka na iso kan Kawu. Na ɗora yatsa ke nan na ji numfashi a ƙeyata.

"Kai, ni kake gogewa?"

"Kawu, guda takwas ne iri ɗaya. Zan bar muku mafi kyau."

"Bakwai ɗin me suka yi maka?"

Ya ja kujera ya zauna, ya karɓi ragamar aikin. "Wuce. Wuce. Wannan goge shi, ba dangi ba ne, shinkafa ta kawo shi. Wannan ma goge, tun rabon gado ba ma magana." Kafin mu gama ango da amarya sun daɗe da zama, an fara liƙi. Na fito da gurbin hotuna kaɗan, na koma irin na dattijon nan, dannawa ɗaya a wuce: yankan kek, rawar ƙawaye, sai hoton dangi gaba ɗaya da aka jeru a ƙarshen zauren, kusa da ƙofar baya inda fitila ba ta kai ba.

Ana shirin tashi sai hayaniya ta kaure. Wata babbar kula ta kaji da aka keɓe wa dangin ango ta yi ɓatan dabo. Gwaggo ce ta jagoranci bincike. Ta tsare yaran masu abinci, ta ce ta san irinsu, ta ja Allah ya isa har muryarta ta dushe, ta kuma yanke hukuncin a riƙe cikon kuɗinsu. Wannan ba ya cikin aikina, na rataya kyamarata na tafi gida.

Kiran asuba bai riga wayata tashi ba. Zauren WhatsApp na dangi ya cika da tambaya guda: ina hotuna? Ƙawayen amarya suna son abin ɗorawa a sitatus tun biki bai huce ba. Na zura memori a tsohuwar kwamfutata, sai ga fayil-fayil a jere, farare fat, babu mai fuska. Na danna ɗaya, kwamfuta ta tambaye ni da me nake so ta buɗe shi. Ni ta tambaya.

RAW ba abu ɗaya ba ne, kowane kamfani da nasa. Na Canon CR2 ne, sababbin kyamarorinsu kuma CR3. Na Nikon NEF, na Sony ARW, na Fujifilm RAF, kuma ko a gida ɗaya sabuwar kyamara takan zo da abin da tsohuwar manhaja ba ta gane ba. Kamfanin Adobe ya fito da DNG a 2004 don a haɗu a kan tsari guda, wasu irin su Leica da Pentax suka karɓa, manyan kuwa kowa ya riƙe nasa. JPEG shi ne kaɗai kowace waya da kowace kwamfuta da kowane injin wankin hoto suka sani.

Na ce bari in gwada tura wa Gwaggo ɗaya a matsayin takarda, tunda ita ce uwar biki. Ya lashe mini data, ya lashe mata, sai ga kira.

"Kai ɗan nan, me ka turo mini? Farar takarda ce, na danna ta ƙi. Sammaci ne? Ga wayar tana cewa ta cika, yarinyar nan ta goge mini wa'azi biyu kafin abin ya shiga."

Na ɗauki memori na nufi situdiyo. Yaron shagon ya zura a kwamfuta, ya duba, ya girgiza kai. "Oga, bairos ya cinye maka. Ga sunaye nan amma ba hoto. In yi maka fomat?" Yatsansa yana kan maɓalli yake tambayar. Ban san ina da zafin nama ba sai ranar. Mai shagon ya fito jin ƙarar kujera, ya leƙa allo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"RAW ne. Mu injinmu JPEG yake ci. Je ka juya su ka dawo."

"A ina ake juyawa?"

"Wanda ya ce ka ɗauka da shi bai gaya maka ba?"

Wanda ya ce in ɗauka da shi yana wani ƙauye da ba sabis, wajen wata rijiya. Da na same shi daga bisani cewa ya yi, "Au, ai na ɗauka kana da Lightroom." Lightroom manhaja ce da ake biya duk wata da kuɗin waje. Ya ce akwai na kyauta, darktable da RawTherapee, ga kuma wadda kamfanin kyamara ke bayarwa. Na sauke ɗaya da tsakar dare lokacin da data ke araha.

Na buɗe hoton farko. Ya fito da kyau na ƙiftawar ido, sai kuma ya dushe a gabana, launi ya kwanta, fuskoki suka yi toka-toka. Manhajar ta ajiye ɗan JPEG ɗin nan ta nuna mini ainihin abin da na ɗauko. Idon kyamara ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake aunawa. An lulluɓe shi ne da wata rariya ta launuka wadda wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ya yi wa rajista a 1976: rabin ɗigogin kore kawai suke gani, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launi biyun da kowane ɗigo bai gani ba, lissafa su ake yi daga maƙwabtansa. Sannan a tsayar da abin da za a kira fari, a ƙara wa launi ƙarfi, a fito da kaifi, a rage yashi-yashin duhu. Duk wannan kyamara tana gama shi kafin ka ɗage yatsa. Ni na ce ta bar mini, ta kuwa bar mini, hoto kusan 300, da kwamfutar da in na ja abu a allo sai na sha ruwa na dawo kafin ta amsa. In aiki ya fara tafiya a ɗauke wuta, batirinta kuma ya rasu tun kafin in auri matata.

Amarya ta tare. Aka yi buɗar kai. Aka mayar da kujerun haya. A zauren dangi aka daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. A wani taron suna Kawu ya gabatar da ni ga wani baƙo ya ce, "Wannan shi ne mai hoton namu. Nasa sai an tashi ƙiyama ake gani."

A cikin kwanakin nan ne na ci karo da labarin da ya ɓata mini rai. A watan Nuwamba na 2015 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya shaida wa masu yi masa hoton haya cewa ba ya son hoton da aka sarrafa daga RAW, a turo JPEG ɗin da kyamara ta yi, da ɗan gyara kaɗan. Dalili biyu: sauri, da kuma gudun a ƙawata abin da ya faru fiye da yadda ya faru. Har suka ce mai son RAW ya ɗauka, amma ya haɗa da JPEG a lokaci guda, wato raba ƙafar nan. Ke nan dattijo mai salatif da Reuters mazhabarsu ɗaya.

To amma a bar ni in faɗi nawa. Na sami ɗaya daga cikin hotunan dattijon na ango a ƙofar masallaci. Fuska ta fito, riga kuwa farin fili ne kawai. Aikin aska takwas da aka yi da hannu, wanda angon ya yi ta yi wa mai ɗinki zarya a kansa, babu ko zare ɗaya. A nawa ma da farko haka ya bayyana. Na kama ɗan majayin haske na ja shi baya, sai ga aiki yana fitowa, aska bayan aska, har inda allura ta ɗan karkace. In dai wuri bai ƙone ƙurmus ba, RAW yana riƙe da shi. Na koma kan amarya da fitilar zaure ta mayar da ita ruwan hoda har haƙora. Na danna farar hular ango na ce wa manhaja wannan shi ne fari, nan take yarinya ta koma 'yar Baffanta. A JPEG an riga an ɗinke wannan hukuncin, in ka matsa masa da gyara sai launin ya farfashe. Ƙarfe biyun dare na yi kabbara ni kaɗai, matata ta fito da tsintsiya tana zaton kunama ce.

Daga nan na ji daɗin mulki. Duk inda na ga duhu sai na ja majayi. Na iso kan hoton dangi na ƙarshen zaure, wanda kusurwarsa ta hagu baƙa ce ƙirin. Na ja, bango ya fito, ƙofa ta fito, har da tukunyar kashe gobara. Ni fuskokin sahun gaba nake dubawa, kowa ya yi kyau, babu wanda ya rufe ido. Na juya shi zuwa JPEG tare da sauran na tura zauren dangi bayan sallar asuba, na rubuta a ƙasa: mai haƙuri yakan dafa dutse.

Aka fara turo alamar tafi da Masha Allah. Sai zauren ya yi tsit. Can wani ƙaninmu ɗan jami'a, wanda ba ya magana a zauren sai ranar salla, ya sake turo hoton, ya zagaye kusurwar hagu da jan layi, bai rubuta komai ba.

Na buɗa da yatsu biyu. Da ɗan yashi-yashi, amma ba abin da ya ɓuya. Wani yaro ne yake fita ta ƙofar baya da shuɗiyar kula a ka. A bayansa wata mata cikin anko ta riƙe masa ƙofa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna masa inda mota take. Ɗaurin ɗankwalin ture-ka-ga-tsiya ne, kuma a danginmu kaf mutum ɗaya ke karkata shi haka.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Saƙonnin murya suka fara saukowa, kowanne ya fi na baya tsawo. Gwaggo ta ce haɗi ne. Ta ce yanzu da kwamfuta ana ɗora kan mutum a jikin jaki ma. Ta ce dama ta lura da yaron nan tun yana ƙarami ba ya kallon mutane a ido. Sannan ta kawo hujja mai ƙarfi: hoton dattijon, wanda ya ɗauka daga kusan inda na tsaya. Kusurwar hagu baƙa wuluk. "Ga na mai sana'a nan. Ku nuna mini kula."

Baffa ya kira taro a falonsa. Na je da kwamfuta da caja. Da aka ba ni dama na yi bayani cewa gasar hoton 'yan jarida ta World Press Photo, da ke birnin Amsterdam, in hoto ya kusa cin kyauta sai ta nemi ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara a gwada da wanda aka turo, don a ga ko an ƙara ko an rage. Na ce, "Baffa, ga ainihin nan, ban sa komai ba." Na ja majayi hagu, duhu. Na ja dama, Gwaggo. Hagu, duhu. Dama, Gwaggo.

Kawu ya ce a ba shi ya gwada da hannunsa, kada a ce da sihiri. Ya gwada. Ya sake gwadawa. Ya gano in ya ja a hankali ɗankwalin ne yake fara fitowa kafin kular, sai ya tsaya a nan yana kai da komowa har Baffa ya yi gyaran murya.

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce to ita ce, amma adanawa ta yi. Ta ga ɓarayi sun yi yawa a wurin, ta ce bari ta kai mota ta ajiye wa dangin ango, hidima ta sa ta manta. Wani ya tambaya, to Allah ya isan fa? Ta ce ai ba ta kama suna ba.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya dube ni.

"A na'urar nan taka, duhun nan ana iya mayar da shi?"

"Ana iyawa, Baffa. Gyaran ba ya taɓa ainihin fayil ɗin, a gefe ake rubuta shi."

"To a mayar da duhun yadda Allah ya yi shi. A biya masu abinci cikon kuɗinsu yau ɗin nan. Kai kuma, wa ya aike ka haska inda ba a kunna fitila ba?"

Na mayar da duhun. Na sake juya hoton na tura, WhatsApp ya matse shi daga abin da ya fara da kusan megabayit 30 zuwa abin da bai kai ɗaya ba. Hoton ango ma haka aka yi masa, a fuskar waya aska takwas ɗin da na raba dare a kanta ta koma ɗan tabo. Mutum ɗaya ne ya yaba, mai ɗinkin, shi ma cewa ya yi me ya sa na fito da inda allura ta karkace. Hoton da aka sa wa gilashi aka rataya a falon amarya na dattijon ne, domin fitilarsa ta wanke kowa ya yi fari tas, mata suka ce shi ne ya ɗauke su yadda suke.

Gwaggo ta roƙi Baffa ya sa in goge ainihin. Ya tambaye ni, na ce na goge daga memori, kuma gaskiya na faɗa. Ba a tambaye ni batun faifan ajiya ba.

Da bikin ɗan Kawu ya matso sai ga kiranta, muryar nan a sanyaye.

"Ɗan albarka, an ce kai za ka yi hoto. Da wanne za ka ɗauka, mai tone-tonen ko ɗayan?"

Na ce, "Ban yanke ba tukuna, Gwaggo."

Da la'asar sai ga yaro ya yi sallama da shuɗiyar kula a ka. Matata ta buɗe, kaji ne soyayyu har baki, da yaji a ƙulle a leda. Yaron ya ce Gwaggo tana gaishe ni, kuma ta ce in an gama kada a shanya kular a waje, masu ita har yanzu suna nema.